ME ZAI ISHE TA? Tarihin Rabon Dukiyar Aure A Kotunan Ingila



Sau da yawa in ana hira a gidan biki ko gidan suna aka gangaro kan maganar saki, sai ki ji wata ta ce, "Ai matan Turawa sun huta, a can in aure ya mutu raba dukiyar ake yi biyu, ya ɗauki rabi ta ɗauki rabi." Maza kuwa in sun ji sai su ce Allah Ya kiyashe su da auren Ingila. To maganar nan akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, sai dai ba tsohuwar gaskiya ba ce, kuma ba cikakkiya ba ce. Rabi-da-rabin nan bai zauna a bakin alƙalan Ingila ba sai a shekarar 2000, kuma wani abin mamaki, matar da aka kafa ƙa'idar a kan shari'arta ita kanta ba ta samu rabin ba. Kafin wannan shekara mudu biyu kotu take ajiyewa. In ta juyo kan miji sai ta tambaya, me ya tara? In ta juyo kan mata sai ta tambaya, me zai ishe ta? Tarihin waɗannan mudu biyu nake so mu bi tare.

A Ingila ta farkon ƙarni na 19, ranar da aka ɗaura wa mace aure, ranar ce doka take daina ganinta. Babban masanin shari'arsu William Blackstone ya rubuta tun 1765 cewa miji da mata mutum guda ne a idon doka, mutum gudan nan kuwa in kin duba da kyau mijin ne. Sunan da suka laƙaba wa abin ma, ma'anarsa lulluɓi, wato mijin ya lulluɓe ta ba a ganinta. Kuɗin da ta shigo da su nasa ne. Ladan aikinta nasa ne. In fili ne ko gida ta gada, yana nan da sunanta, amma shi ke juya shi, shi ke cin kuɗin haya. Ba ta ƙulla ciniki da sunanta, ba ta kai ƙara ita kaɗai. Attajirai sun san kan dabara, sukan damƙa dukiyar 'ya'yansu mata a hannun amintattu kafin aure don kada suruki ya taɓa, amma 'yar talaka mai wanki da ɗinki ba ta da wannan gata. Saki kuma ba na kowa ba ne, sai majalisar dokoki ta zauna ta yi doka musamman a kan aurenka, abin da ke cin kuɗi masu yawa. Kafin 1857 mutane ɗari uku da 'yan kai ne suka samu irin wannan saki, mata huɗu kacal a cikinsu.

Matar da ta fara girgiza wannan gini marubuciya ce, sunanta Caroline Norton. An haife ta a 1808, ta auri George Norton a 1827, lauya kuma ɗan majalisa, mutum mai saurin hannu. Tana rubuta waƙoƙi da ƙagaggun labarai, kuma kuɗin alƙalaminta na cikin abin da ke riƙe da gidan. A 1836 ya kwashe 'ya'yansu maza uku ya hana ta ganinsu, sannan ya kai ƙarar firayim ministan ƙasar, Lord Melbourne, wai yana neman matarsa, ya nemi diyyar fam 10,000. Masu taya alƙali yanke hukunci ko tashi daga kujerunsu ba su yi ba suka yi watsi da ƙarar. Amma ita da ake yayata sunanta a jaridu, ba a ba ta damar buɗe baki a kotun ba, tunda a doka babu ita. An wanke ta, kuma wankewar ba ta amfane ta da komai ba, aure yana nan, 'ya'ya suna hannunsa. A 1842 ƙaraminsu ya faɗo daga kan doki, ya rasu kafin ta iso inda yake. Allah Sarki.

Bai tsaya nan ba. A 1853 wata shari'ar bashi ta sake haɗa su a kotu, a nan ya fito fili yana neman kuɗin littattafanta, kuma doka tana bayansa. Duk wadda ta taɓa kwana zaune tana rubutu yara na barci, ta tara kuɗin bugu da kyar, ta bi 'yan kasuwa bashi wata da watanni, ta san zafin a ce wani ne mai wannan kuɗi, wanin da ya raba ta da 'ya'yanta. Caroline ta juya alƙalaminta kan doka. Rubuce-rubucenta sun taimaka aka yi dokar 1839 da ta ba uwa damar roƙon kotu ta riƙe 'ya'yanta 'yan ƙasa da shekara 7, a 1855 ta rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Sarauniya Victoria, a 1857 aka yi dokar da ta mai da saki hannun kotu, ta kuma kare ladan aikin matar da miji ya gudu ya bari. Ko a nan ma mudu biyu ne: shi ya isa ya tabbatar da cin amana kaɗai, ita sai ta haɗa da wani laifin kamar azabtarwa ko yasarwa. Ba a daidaita wannan ba sai 1923.

Akwai wani ɗan labari na Millicent Fawcett, wadda daga baya ta shugabanci masu neman wa mata 'yancin zaɓe. Ɓarawo ya zare mata jakar kuɗi a tashar jirgin ƙasa, aka kama shi, da aka karanta tuhuma a kotu sai ta ji an ce jakar mallakar Henry Fawcett ce, wato mijinta. Ta ce sai ta ji kamar ita ce ake tuhuma da satar.

Dokar 1870 ta bar wa matar aure ladan aikinta, ta 1882 kuma ta kammala: abinta nata, abinsa nasa. Aka yi murna. Ashe an gudu daga gidan gara ne an faɗa gidan zago, domin dokar ta amfani mace mai dukiya da mai albashi, amma matar da aikinta shi ne girki da raino da shara, me za ta nuna ta ce nata ne? Albashi da sunansa yake zuwa, gida da sunansa aka saya. In aure ya mutu sai kotu ta duba takarda ta miƙa wa mai suna.

Ku ji abin da ya faru da wata Misis Blackwell ta garin Oxford a 1943. Shekara da shekaru tana tsimi a kuɗin cefane, tana ajiyewa a asusun ƙungiyar gama-kai, har ta tara fam 103 da 'yan silalla. Da suka rabu mijin ya kai ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ai kuɗin cefane nasa ne, don haka rarar ma tasa ce. Wato da ta yi almubazzaranci ta dafe kuɗin duka, ba mai tambayarta, da ta yi tattali kuwa, shi ta yi wa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wata likita 'yar majalisa, Edith Summerskill, ta riƙe wannan magana ba ta sake ta ba har 1964, aka yi dokar da ta ce rarar kuɗin cefane ta mata da miji ce, rabi da rabi. Shekara 21 kenan a kan canjin cefane.

Sai shari'ar Gissing. Sun yi aure a 1935, ita tana aikin sakatariya a wani kamfanin ɗab'i, ita ce ma ta samo masa aiki a wurin. A 1951 aka sayi gida a kan fam 2,695 da sunansa, shi yake biyan bashin gidan, ita kuma ta kashe fam 220 nata a kayan ɗaki da gyaran farfajiya, tana yi wa kanta da ɗansu sutura daga albashinta. A 1961 ya bar ta ya koma wajen wata. Magana ta kai har gaban alƙalan Majalisar Dattawa, waɗanda a wancan zamani su ne kotun ƙoli ta ƙasar, a 1970 suka ce ba ta da ko taku ɗaya a gidan, domin kuɗinta ba cikin sayen gida suka shiga ba. Kujera da ciyawa ta saya. Ba wanda ya tsaya ya ce, to da ba ta ɗauke masa suturar iyali ba, da wane kuɗi zai riƙa biyan bashin cikin sauƙi?

A nan zan ɗan ratse zuwa gida, don wannan rami mun san shi. A shari'ar Amadi da Nwosu a 1992, Kotun Ƙolin Nijeriya ta saurari wata mata mai auren gargajiya da mijinta ya sayar da gidan da take ciki, ta ce da guminta aka gina shi. Kotu ta ce sai ta faɗi me ta bayar, nawa ne, ina hujja, kuma ta rasa gidan. Mu Musulmi kuwa, abin da matan Ingila suka samu a 1882 addini ya riga ya ba mace tun da daɗewa, sadakinta nata, gadonta nata, ribar sana'arta tata, miji ba shi da iko a kai sai da yardarta. Amma matar da ta kwashi adashi ko ta sayar da sarƙarta ta gwal ta miƙa wa maigida a cikin ɗaki ya yi rufin gida, ba shaida ba takarda, ranar da ta tsaya gaban alƙali ita da Misis Gissing jirgi ɗaya ya kwaso su. Wace mace ce za ta ce wa mijinta rubuta min rasit alhali ana zaman daɗi?

Mu koma Ingila. Su kansu alƙalan wasu abin yana damunsu. Shugaban kotun da ke shari'ar aure a shekarun 1960, Sir Jocelyn Simon, ya taɓa buga misali da tsuntsu, ya ce namijin yana samun sukunin ƙawata sheƙa ne saboda ba shi ne ke wuni kwance a cikinta ba. A 1969 aka sauƙaƙa hanyar saki, a 1970 aka ba kotu ikon da ba ta taɓa samu ba, wato ta ɗauki dukiyar da ke da sunan wannan ta ba wancan. Aka tattara waɗannan a dokar 1973, wadda har yau ita ake aiki da ita a Ingila da Wales. Sashe na 25 ya jera abin da alƙali zai duba: abin hannun kowa, buƙatunsa, shekarunsa, tsawon auren, irin rayuwar da aka saba, da gudummawar kowa, har aka ambaci kula da gida da rainon iyali ƙarara. Sai dai dokar ba ta faɗi kashi nawa ba. Ta bar wa alƙali. Alƙalan kuwa kusan dukkansu maza ne dattawa, waɗanda akasarinsu ba su taɓa sanin yadda abinci ke zuwa kan tebur ba.

Gwajin farko shi ne shari'ar Wachtel a 1973. Mijin likitan haƙori ne, sun yi aure a 1954, 'ya'ya biyu, dukiyarsu gida ne da ya kai kimanin fam 20,000. Alƙalin farko ya ba ta fam 10,000, rabi kenan. Da aka ɗaukaka ƙara, shahararren alƙalin nan Lord Denning ya yi magana mai daɗi, ya ce matar da ta kula da gida ta yi aiki kamar wadda ta kawo albashi, kuma ba za a riƙa tone-tonen wa ya fi laifi don rage mata rabo ba sai laifin ya yi muni ƙwarai. Bayan daɗin bakin sai ya rage kuɗin zuwa fam 6,000, ya ce a riƙa farawa daga sulusi, kashi ɗaya cikin uku, ma'aunin da aka gada daga tsofaffin kotunan coci. Dalilinsa fa? Wai shi mijin in aure ya mutu dole ya nemo macen da za ta kula masa da gida, ko sabuwar mata ko 'yar aiki, wannan kuwa kuɗi ne, ita kuwa matar da kanta za ta yi aikin gidanta, ba ta buƙatar ɗaukar kowa. Kai jama'a! Aikin nan dai guda ne. In shi zai nema, kuɗi ne da za a ware masa, in ita za ta yi, kyauta ne.

Sulusin ma a gidan masu matsakaicin hali ya tsaya. Da aka zo kan attajirai sai alƙalai suka ga kashi ɗaya cikin uku na miliyoyi ya yi wa mace yawa, daga tsakiyar shekarun 1970 suka fito da wani ma'auni da suke kira buƙatun da hankali zai ɗauka. Za a lissafa mata gida, mota, sutura, hutu, kuɗin kashewa na shekara, a haɗa a ba ta, duk abin da ya ragu komai yawansa nasa ne. A shari'ar Preston a 1981, mijin yana da kimanin fam miliyan 2.3, matar da ta riƙe gidan da albashinta lokacin da yake fafutukar kafa kasuwanci ta tashi da fam 600,000. Daga shari'ar Duxbury ta 1985 kuma aka samo wani lissafi na kwamfuta: a ƙiyasta shekarun da suka rage wa matar a duniya, a ba ta kuɗin da in tana ci a hankali za su ƙare daidai ranar da ake zaton za ta mutu. Ki duba abin da wannan ya haifar. Wadda ta yi shekara 35 a gidan miji ta tsufa, kwananta ya ragu, don haka rabonta ya fi na yarinyar da ta yi shekara 8 ƙanƙanta. Iya daɗewarki iya asararki. In ta ce tana son ta bar wa 'ya'yanta gado, sai a ce wannan ba buƙata ba ce. Shi kuwa ba wanda ya tambaye shi buƙatar me zai yi da sauran. Har wata kariya attajirai suka samu, mutum ya ce wa kotu, ina da arzikin da zan biya duk abin da kuka yanke, don haka ba sai an bincike ni dalla-dalla ba.

Ƙarshen wannan hanya shi ne shari'ar Dart a 1996. Ba'amurke ne daga jihar Michigan, danginsa ke da kamfanin kofunan shan shayi na roba-roba da ake yarwa bayan an sha. Iyalin suka koma Landan, ba a jima ba ya shigar da ƙarar saki a can. An ƙiyasta dukiyarsa a kan fam miliyan 400, matar ta samu kimanin miliyan 9, bai kai kashi 3 cikin 100 ba. A lokacin Landan aljannar mazaje masu kuɗi ce. Alƙaliya Butler-Sloss da ke cikin masu shari'ar ta nuna zuciyarta ba ta kwanta da wannan ma'auni ba, amma aka ce gyara aikin majalisa ne. Alhali maƙwabtansu na Scotland tun 1985 dokarsu ta ce dukiyar da aka tara cikin aure daidai ake raba ta sai in da dalili na musamman.

Ba matar attajirin Landan ce ta karya wannan mudu ba, manomiya ce. Martin White da Pamela White sun yi aure a 1961, dukkansu 'ya'yan manoma, kowa ya shigo da abin da ya kai fam 2,000. Bayan shekara guda suka sayi gona mai eka 160 a yankin Somerset, sunanta Blagroves, a kan fam 32,000. Fam 21,000 bashi suka ci, fam 11,000 kuma mahaifin mijin ya ranta musu ba ruwa. Ku riƙe wannan rance a ranku, zai dawo. Kiwon shanun madara suke yi, kuma a rubuce abokan kasuwanci ne. Ta haifi 'ya'ya uku ta raine su, ta yi aikin gona iri-iri kamar kowane manomi. Gona ta bunƙasa, aka ƙara filaye, aka haɗa da wata gonar ta biyu. Da auren ya mutu a 1994, bayan shekara 33, dukiyar ta kai fam miliyan 4.6.

Ita abin da ta nema shi ne a ba ta abin da za ta ci gaba da noma da kanta, don shi ta iya, shi ta yi duk rayuwarta. Alƙalin Babbar Kotu ya yarda ta yi aiki tuƙuru, amma ya ce ba hikima ba ce a farfasa gonar da ke tafiya daidai don a biya mata wannan buri. Ya lissafa mata gida da abin kashewa, ya ce fam 980,000 sun ishe ta, kusan kashi ɗaya cikin biyar. Shi zai ci gaba da zama manomi, ita ta koma ta zauna. Abin da ya fi ba ni haushi a nan shi ne, da ba matarsa ba ce, da abokiyar kasuwanci ce kawai aka raba gari, lissafin kasuwanci zalla zai ba ta fiye da haka. Aure ne ya rage mata. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta lura da wannan a 1998, ta ɗaga kuɗin da zai biya ta zuwa fam miliyan 1.5. Duka biyun ba su gamsu ba, shi yana cewa ya yi yawa, ita tana cewa rabi take so, suka wuce gaba.

Ranar 26 ga Oktoba, 2000, Lord Nicholls ya karanta hukuncin da ya canja komai. Ya ce a duk dokar 1973 babu inda aka rubuta cewa buƙata ita ce iyakar rabon mace, alƙalai ne suka ƙirƙiro. Ya ce ba za a fifita mai nemo kuɗi a kan mai kula da gida da yara ba, in kowa ya yi nasa ɓangaren, ba ruwan kotu da wane ne ya tara. Ya tambaya, in dukiya ta wuce buƙatar su biyun, don me rarar za ta zama ta miji shi kaɗai? Ya ce burin uwa na barin gado ga 'ya'yanta abu ne na ɗabi'a kamar na uba. Sannan ya kafa ƙa'ida: kowane alƙali kafin ya yanke, ya auna hukuncinsa da ma'aunin daidaito, kada ya kauce wa rabi sai da dalili mai kyau, kuma ya faɗi dalilin.

To sai me? Sai aka ce a shari'ar Pamela akwai dalili mai kyau, rancen nan na mahaifin miji na kusan shekara 40 da suka wuce. Aka kori ƙararta, aka kori tasa, ta tsaya a kimanin kashi biyu cikin biyar, bayan lauyoyi sun kwashi dubban ɗaruruwan fam daga ɓangarorin biyu. Ta haƙa rijiya, wasu suka sha.

"Dalili mai kyau" kuwa ƙofa ce, kuma lauyoyin attajirai ba su yi barci ba. Shekara guda kacal, a 2001, Michael Cowan, wanda ya yi arziki da ledar zuba shara, ya ce shi basirarsa ta daban ce, ba a haɗa ta da aikin gida. Kotu ta yarda, matar da suka faro tun ba su da komai, aure na shekara 35, ta samu kashi 38 cikin 100 na fam miliyan 11.5. Nan da nan kowane mai kuɗi ya zama gwani na musamman. A 2002, a shari'ar Lambert, kotu ta ja birki, ta ce wannan hanya ce ta dawo da bambancin da aka kora ta taga, ta ba matar rabin fam miliyan 20 cif. Amma ba a toshe ƙofar ba, an dai ƙuntata ta. John Charman, ɗan kasuwar inshora, ya bi ta cikinta a 2007: dukiya fam miliyan 131, matar ta samu 48. A 2014 matar Chris Hohn mai juya hannun jari ta samu fam miliyan 337, kuɗi kamar a mafarki, amma kimanin kashi 36 cikin 100 ne. Ni dai ina da tambaya guda. Basirar tara kuɗi ana auna ta da lamba, a ce miliyan kaza. Matar da ta yi jinyar yaro mai lalura shekara 20, ko ta riƙe gida miji yana yawon duniya, da wace lamba za a auna tata har a ce ta musamman ce?

Don adalci, ba kullum mace ce ke ƙasa ba. A 2006, a shari'o'in Miller da McFarlane, kotun ƙoli ta ce rabo yana tsaye a kan ƙafa uku, buƙata, diyya, da tarayya. Misis McFarlane lauya ce da ta ajiye aiki don rainon 'ya'ya uku, aka yanka mata fam 250,000 duk shekara saboda abin da ta sadaukar. Misis Miller aurenta bai cika shekara 3 ba, ba haihuwa, ta samu fam miliyan 5. Daga nan Landan ta juye, matan attajiran duniya suka riƙa rububin shigar da ƙara a can, mazan suna gudu. A 2017 kuma, a shari'ar Sharp, matar ce mai samun maƙudan kuɗi, auren gajere, ba 'ya'ya, kowa da asusunsa, sai kotu ta rage rabon mijin zuwa fam miliyan 2, ƙasa da rabi.

Rancen mahaifin Martin White ma ya yi 'ya'ya. Daga irinsa aka gina bambanci tsakanin dukiyar da aka tara cikin aure da wadda mutum ya shigo da ita ko ya gada. A watan Yuli na 2025 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar Standish. Mijin tsohon ma'aikacin banki ne da ya tara yawancin arzikinsa kafin aurensu na 2005. A 2017 ya mai da kusan fam miliyan 78 sunan matar don a kauce wa harajin gado a ajiye wa yara, kafin a yi hakan aure ya lalace. Babbar Kotu ta ba ta miliyan 45 daga cikin 132, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa 25, Kotun Ƙoli ta tabbatar. Ku lura da yadda abin ya juya: a zamanin Misis Gissing an ce suna a takarda shi ne komai, sunan kuwa na miji ne. Yau da takardar ke ɗauke da sunan matar, an ce ba suna ake dubawa ba, asalin dukiya ake dubawa. Hukuncin yana da hujjarsa, ban musa ba, amma dole mutum ya yi murmushi.

Duk waɗannan shari'o'in masu miliyoyi ne, su ke da kuɗin hawa har kotun ƙoli, su ake rubutawa a littattafan lauyoyi. A watan Disamba na 2024 hukumar da ke bitar dokokin ƙasar ta fitar da rahoto cewa dokar 1973 ba ta ba mutane tabbas, wanda ya karanta ta ba zai san abin da zai samu ba, tana buƙatar gyara. Talakan Ingila kuwa, wanda abin da ya mallaka gida ne guda da bashi a kansa, rabonsa har yanzu a kan buƙata yake tafiya, don ba rarar da za a yi faɗa a kai. Sau da yawa uwar da yara ke hannunta takan samu fiye da rabin gidan, a ido kamar ita ta ci riba, shi kuma ya tafi da fanshonsa ba a taɓa ba, fanshon da ya taru a shekarun da take gida tana raino. Tun Disamba 2000 doka ta halatta a raba fansho. Binciken da Jami'ar Bristol ta fitar a 2023 ya gano cewa a cikin waɗanda suka rabu akwai fanshon da ba a fara karɓa ba, kashi 11 cikin 100 ne kaɗai suka raba shi.